Haɗa leza ja da kore don su ba da rawaya: wane madubi, wane rabo?

Dan_Lantarki:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina so in haɗa leza mai launin rawaya, wadda za a ajiye a kan tebur, ba ta aljihu ba. Rawaya ta asali, mai tsawon zangon haske nanomita 589 ko 593.5, kuɗinta ya fi ƙarfina, kuma duk da tsadar miliwat kaɗan take bayarwa. An ce idan aka ɗora haske ja a kan kore ido zai ga rawaya. Abin da ke hannuna: modul kore mai 532 irin na cikin alƙalamin nuni, dayod ja da aka ciro daga injin kwafar DVD, LM317 (ƙaramar na'urar daidaita wuta) guda biyu, da farantin alminiyam. Wane irin madubi ake sa wa a haɗa su? Ja nawa, kore nawa? Sannan me ke sa a wasu hotuna ɗigon ya fito rawaya a tsakiya, gefensa ja?

Injiniya_Haske:

Wa alaikumus salam Malam. Yana yiwuwa, kuma haka injinan wasan haske na dandali suke fitar da rawayarsu. Sai dai ka san abin da za ka samu. Hasken bai zama rawaya ba, ja ne da kore suke tafiya a hanya ɗaya. Ƙwayoyin ganin launi na ido iri uku ne, kuma hasken rawaya mai nanomita 577 yana taɓa biyu daga cikinsu da wani gwargwado. Idan ja da kore suka taɓa su da wannan gwargwadon, ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar bambancewa. Lord Rayleigh ya nuna wannan a 1881, har yau da irin gwajinsa ake auna masu matsalar ganin launi. Haska ɗigon a bayan faifan CD, za ka ga ya rabu gida biyu. Haska shi a jan ƙyalle ya koma ja, a ganye ya koma kore. Rawaya ta asali ba ta yin haka. Ita tsadarta daga yadda ake samar da ita ne: 593.5 ana haɗa hasken da ido ba ya gani na 1064 da na 1342 a cikin kiristal, 589 kuma 1064 da 1319, kuma aikin yana cinye mafi yawan wutar.

Batun rabo, ba daidai da daidai ba ne, domin ido ya fi jin kore nesa ba kusa ba. Idan aka ba 555, inda ido ya fi jin haske, maki 1, to 532 yana da kusan 0.88, 520 yana da 0.71, 638 kusan 0.19, 650 yana da 0.107, 660 kuma 0.061 kacal. Idan ka yi lissafin launin da teburin CIE na 1931, wato ma'aunin launi na hukumar haske ta duniya, ga abin da zai fito don samun rawaya mai kama da 577: ja mai 638 da kore mai 520, ja ya ninka kore sau biyu da ɗan ɗoriya. Da 532 ma kusan haka ne. Idan jan 650 ne, sau uku da rabi. Idan 660 ne, kusan sau shida. Wanda yake son rawaya mai duhu irin ta fitilar sodiyam ta kan titi, wato kamar 589, sai ya kai 638 ɗin kusan sau huɗu na koren. Waɗannan alƙaluma wurin farawa ne, ido ne zai ƙarasa, kuma mutum biyu ba lallai su tsaya a wuri ɗaya ba.

Daga nan za ka ga matsalar dayod ɗin DVD ɗinka. Tana tsakanin 650 da 660, wato za ka zuba wuta mai yawa wadda ido ba ya gani sosai amma tana ƙona shi daidai da kowace. Miliwat 60 na 660 da miliwat 20 na 638 aiki ɗaya suke yi wa launi, haɗarin na farkon kuwa ninki uku ne. Shawarata ka ajiye ta ka nemi 638 ko 635.

Modul ɗin 532 ma ina da ja a kansa. Ba dayod kore ba ce kai tsaye: dayod 808 ce take zuga kiristal ya ba da 1064, wani kiristal ɗin ya raba tsawon zangon biyu. Ƙarfinsa yana hawa da sauka da zafi, yana yin ƙyafta, kuma duk ƙyaftawa ɗaya launinka zai yi tsalle daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ga kuma amsar tambayarka ta uku: hasken 532 zagayayye ne, siriri, kusan milimita 1, na dayod ja kuwa mai siffar ƙwai ne, ya kan kai milimita 2 da 4. Inda suka hau kan juna ne kawai rawaya, saura ja. Magani shi ne dayod biyu masu hali ɗaya, dukansu masu fitar da haske tilo mai tsabta, da lensi iri ɗaya. A kore akwai PL520 ta Osram, miliwat 50. A ja akwai HL63603TG mai miliwat 120 ko HL63133DG mai 170. Ka guji manyan jajaye irin HL63193MG mai miliwat 700, haskensu a nesa sanda yake zama ba ɗigo ba, sai an ƙara wasu lensuna a gyara shi.

Madubin da ake so shi ne dikuroyik, gilashi mai shafe wanda yake barin ja ya ratsa ya mayar da kore idan an ajiye shi a digiri 45. Ka nemi wanda iyakarsa take tsakanin 560 da 600. Madubin da ke raba haske rabi da rabi shi ma zai haɗa su, amma rabin kowane launi zai tafi gefe a banza, kuma ka samu haske na biyu yana yawo a ɗaki. Gilashin nan mai kusurwa huɗu na cikin tsohuwar furojekta yana aiki, sai dai yana da zaɓe a kan yadda dayod ta kwanta, sai ka juya ta ka ga inda ya fi haske.

Mai_Solda:

Injiniya ya gama da haske, ni zan taɓa wuta. Kowace dayod da direbanta, wato abin da ke ƙayyade mata wuta, kada a haɗa su a kan guda. Dayod ɗin leza karant ake ƙayyade mata, ba boltej ba. LM317 zai yi: rezisto tsakanin ƙafar fita da ƙafar saiti, dayod kuma ta ɗauki wuta daga ƙafar saiti. Karant shi ne 1.25 a raba da rezisto. Om 6.2 zai ba ka kusan miliamfa 200, om 12 kusan 104. Don ka iya murɗa launi, sa rezisto tsayayye sannan mai murɗawa a jere da shi. Misali om 5.6 mai wat 1 da mai murɗawa na waya om 25: sama miliamfa 223, ƙasa kusan 40. Tsayayyen shi ne katangar da ba za a tsallake ba ko an murɗa har ƙarshe, don haka ka zaɓe shi daga iyakar da takardar bayanan dayod ɗinka ta faɗa, ba daga misalina ba. Ƙananan masu murɗawa na rediyo ba sa jure wannan karant, suna ƙonewa a wuri ɗaya.

LM317 yana cin kusan bolt 3 a wannan tsari. Dayod kore tana son bolt 6 zuwa 7, saboda haka bolt 12 ya dace da ita. Ja kuwa bolt 2.5 zuwa 3 ne. Idan ka ba direbanta 12, bolt 8 zai zauna a kan LM317, a miliamfa 250 wat 2 ke nan na zafi. Ko dai ka ɗaura masa ƙarfen shan zafi, ko ka sauke wutar zuwa bolt 6.5 da ƙaramin modul kafin ta isa. Ka tuna bayan LM317 a haɗe yake da ƙafar fita, idan ka ɗaure biyun a faranti ɗaya ba tare da abin rabewa ba ka haɗe direbobin.

Kada dayod ta taɓa direba sai an gwada. Jera dayod na yau da kullum 1N4007 guda 4 a madadin ja, guda 8 ko 9 a madadin kore, da rezisto om 1 a jere. Sa mita a kan om 1 ɗin, kowane milibolt miliamfa ne. Saita, kashe, sannan ka gajarce ƙafafun fita don kapasito ya zubar da cajinsa kafin ka liƙa dayod. Mafi yawan dayod ɗin da ke mutuwa ranar farko kapasito mai caji ne ya kashe su, ko waya mai kwance da ta saki ta sake taɓawa wuta na kunne. Liƙa da solda, ban da maƙale da hannu. Ayan solda kada ya wuce daƙiƙa 2 ko 3 a ƙafa, kuma a lokacin hunturu da jiki yake tara tartsatsi ka ɗaura igiyar ƙasa a hannu. Dayod ɗin da ta mutu ba ta mutuwa gaba ɗaya, za ka ga tana ba da ɗan haske dishi-dishi, ƙarin karant ba ya ƙara komai.

Wani tarko: jikin gwangwanin dayod. A wasu yana haɗe da ƙafar negatif, a wasu da fozitif, a wasu ba ya haɗe da komai. Modul 532 na alƙalami galibi jikinsa fozitif ne. Ka ɗaure wannan da wadda jikinta negatif ne a alminiyam ɗaya, ka yi shot. Auna da mita kafin ɗauri.

Zafi kuma ja ya fi cuta. Dayod 638 tana rasa ƙarfi da ta ɗumama, tsawon zangonta kuma yana matsawa sama kusan nanomita 0.2 a kowane digiri, inda ido ya fi rashin jinsa. Kore ba ta damu haka ba. Sakamakon shi ne ka saita rawaya mai kyau da sanyi, bayan minti goma ta karkata zuwa kore. Saitin da aka yi da sanyin Janairu ba zai tsaya a ɗakin da ya kai digiri 38 a Afrilu ba. Matse kowace dayod a gidanta na milimita 12, sa gidan a dunƙulen alminiyam ko tagulla da man shan zafi, ka bar shi ya yi minti 10 a kunne kafin ka saita launi. Mai son ya zauna daram sai ya sa ƙaramar Peltier (farantin sanyaya na lantarki) da na'urar riƙe zafi a digiri 25 ƙarƙashin jan. Wuta daga batir ko adafta mai tsayayyen boltej, ban da kunnawa lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareto.

Dan_Lantarki:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To idan na manna madubin da gam a digiri 45, na daidaita dayod biyun da hannu har ɗigon ya haɗu a bango, ya wadatar? Tabarau kuma na 532 ne da ni, mai ruwan lemo.

Hajiya_Fizis:

Bai wadatar ba ɗan'uwa. Haɗuwa a bango ɗaya giciye ne kawai, ka matsa da takarda gaba ko baya za ka ga sun rabu. Layi biyu ba sa zama ɗaya sai sun haɗu a wuri biyu. Abubuwa huɗu ake gyarawa: tsawo, gefe, da karkata ta fuska biyu. Don haka kana buƙatar madubi biyu masu motsi, kowanne da sukuru biyu na saiti. Ja ya tsaya a kafe ya ratsa dikuroyik kai tsaye, shi ne ma'auni. Kore ya fara bugun madubi mai shafe a fuska, ba madubin kwalliya mai shafe a baya ba, daga nan ya je dikuroyik. Duka a kan alminiyam mai kaurin milimita 6 zuwa 10. Katako da roba suna motsi da zafi da laima.

Kafin daidaitawa, gyara kowane haske shi kaɗai. Murɗa lensi har ɗigon ya yi ƙanƙanta a mita 8 ko 10, ba a mita 1 ba, in ba haka ba ka tattara shi kusa ya bazu a nesa. Juya gidan dayod har doguwar fuskar ƙwan ta tsaya tsaye a duka biyun. Idan ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, giciye za ka samu mai rawaya a tsakiya da fukafukai ja da kore. Zaren lensi yana da lako-lako, naɗa masa tef ɗin famfo zagaye biyu. Auna tsawon kowane haske daga faranti, ka sa siraran ƙarafa a ƙarƙashin gajeren har bambancin ya yi ƙasa da rabin milimita.

Fuskar dikuroyik mai shafe ita za ta kalli kore. Don gane ta, kawo gefen takarda kusa da gilashin a hankali: idan takardar da inuwarta sun haɗu ba rata, wannan ce. Idan ka juya shi baibai, koren zai ratsa gilashi sau biyu ka ga ɗigo na biyu mai rauni kusa da na farko. Gilashi mai kaurin milimita 1 yana gusar da jan kusan milimita 0.33 zuwa gefe, shi ya sa ake daidaitawa bayan an kafa shi. Kada ka matse shi da sukuru ko ka zagaye shi da gam mai ƙarfi, yana lanƙwasa ya ɓata ɗigo. Ɗigon gam biyu ko uku a gefe ɗaya sun isa. Ban da yatsa a fuskarsa.

Daidaitawar kanta: farar takarda ɗaya santimita 5 bayan dikuroyik, wata a bango mai nisa. Da madubin farko ka ɗora kore a kan ja a takardar kusa. Cire ta, da sukurorin dikuroyik ka ɗora su a bango. Ka dawo kusa, za ka ga ya ɗan goce, gyara da madubin farko. Koma bango. Zagaye huɗu zuwa shida yawanci ya zauna. Idan kana ganin abin yana ƙara lalacewa, ka musanya ne, kana gyara nesa da madubin kusa. Yi fuska ɗaya tukuna, sama da ƙasa, sannan dama da hagu. Kuskuren milirediyan 0.3, wanda ɗan taɓa sukuru ne, milimita 3 ne a mita 10, ya isa a ga gefe ja gefe kore. Idan dikuroyik ya kauce daga 45 da digiri da yawa iyakarsa tana matsawa ya fara zubar da haske, to ka gyara mazaunin dayod maimakon ka ci gaba da murɗa shi. Kuma ko yaya akwai ɗan kore da zai ratsa da ɗan ja da zai dawo, suna fita ta fuska ta huɗu. Sa baƙin ƙarfe a wurin ya shanye su. Mai sanye da gilashin ido ya duba ta tsakiyar gilashin, gefensa yana raba launuka ya nuna kuskuren da babu.

Tabaran nan naka shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mai ruwan lemo yana tare kore ya bar ja ya wuce gaba ɗaya, kuma jan shi ne mai yawa a wannan haɗi. Na ja, mai shuɗi ko tsanwa, yana barin kore. Wanda aka yi wa 589 ba a yi alkawarin zai tare ko ɗaya ba. Sai wanda aka rubuta masa lambar OD, wato ƙarfin tare haske, a zangon 520 da kuma zangon 638, daga mai sayarwa da ke nuna takardar gwaji. OD 2 yana rage haske sau 100, OD 3 sau 1000. Modul 532 mai arha kuma sau da yawa ba shi da matatar infrared, 808 da 1064 suna fitowa ba a ganinsu, tabaran kore ba lallai ya tare su ba. Rubutun da ke jikin modul ɗin ma kada ka dogara da shi: a 2013 hukumar NIST ta Amurka ta gwada alƙaluman nuni 122, kusan kashi 90 cikin 100 na korayen sun saɓa wa ƙa'ida.

A nan na ɗan saɓa da Injiniya. Dayod ɗin da ya ambata masu kyau ne, amma miliwat 50 na kore da 110 na ja da rabon yake buƙata a haɗe 160 ne, aji 3B a ma'aunin haɗarin leza na IEC 60825, wanda ya kama daga 5 zuwa 500. A wannan ƙarfi ƙyafta ido, da ke ɗaukar kusan kwata na daƙiƙa, ba ta ceton komai, ko da hasken ya dawo ne daga agogon hannu ko gilashin taga. Ga mai farawa, modul 635 da modul 520 masu miliwat 5 ko ƙasa sun isa a koyi duk aikin. Hasken dayod yana da fuskar kaɗawa ɗaya, don haka ɗan fim ɗin folaraiza a gaban koren, kana juya shi, zai rage shi sannu a hankali har rawaya ta fito, ba tare da taɓa direba ba. Kore 1.5 da ja 3.3 suna ƙasa da 5, kuma a ɗaki mai duhu suna da haske sosai. A yi aiki a tsaye, hasken a ƙasa da ƙugu, ƙofa a rufe, yara a waje. Sama kuwa ba wurin gwaji ba ne, haska jirgi laifi ne a ƙasashe da yawa, a Amurka har ɗaurin shekara 5.

Injiniya_Haske:

Hajiya ta yi gaskiya, a fara da ƙananan, manyan su jira tabarau na ƙwarai da murfi a kan farantin. Abu biyu zan ƙara. Launin ɗigo a bango da launin sandar haske a iska ba ɗaya ba ne. Iska mai tsabta tana watsa 520 fiye da 638 kusan sau 2.3, kuma ido a duhu yana ƙara karkata ga kore, don haka sandar za ta fi ɗigon kore. A hayaƙi ko ƙurar hunturu bambancin yana raguwa. Ka zaɓi wanda kake so ya zama rawaya ka saita a kansa, kuma da ido, domin kyamarar waya tana cika ta nuna fari ko lemo.

Na biyu, idan kana son rage haske gaba ɗaya, kada ka rage karant ɗin biyun da kashi ɗaya. Kowace dayod tana da matakin da take fara aiki, kuma ba ɗaya ba ne, don haka rabon zai rushe, wata ma ta daina haske ta bar ɗayar. Ka bar karant inda ka saita, ka yanka wutar duka biyun da siginar PWM (kunnawa da kashewa da sauri) ɗaya mai kilohaz 1 ko sama. LM317 mai babban kapasito a bakinsa ba ya son wannan yankan, a nan sai direban da aka yi da ƙafar TTL, wato ƙafar karɓar irin wannan sigina.